Karatun yara a gida: Wace manhaja za ka zaɓa ta harshe da kimiyya?

"Kawu, mu yaushe za a yi mana dusar ƙanƙarar?"

Ummi ce ta jefo min wannan tambaya, 'yar yayata mai shekara bakwai. Watan Afrilu ne, muna zaune kan tabarma a tsakar gida a Kano, ga zafi, ga ba wuta. Na karɓi littafin da ke hannunta. Littafin kimiyya ne na 'yan aji biyu, bugun Amurka, takarda mai sheƙi, hotuna gwanin sha'awa. Darasin ranar yana magana ne a kan yanayi huɗu na shekara, kuma aikin da aka bai wa yaro shi ne ya lissafa kayan da yake sawa idan dusar ƙanƙara ta sauka a unguwarsu. Yarinyar nan ta fi mako tana jiran abin da ba zai zo ba, alhali ba wanda ya taɓa yi mata bayanin dalilin da ya sa leɓenta yake tsagewa da hunturu.

Ni dariya na yi a lokacin. Yaya ba ta yi ba. Kuɗin da ta kashe a kan katan ɗin littattafan nan, da ta saya wajen wata mai talla a Instagram, ya kusa kai kuɗin makarantar yaran biyu na zango guda. Kuma gudun irin wannan kuɗin ne ya sa ta zaunar da su a gida tun farko.

Mai karatu, wataƙila ka ce me ya haɗa filin matasa da manhajar 'yan firamare. To ka duba gidanku. Idan aka zaunar da yara a gida, wa ake cewa ya riƙa duba musu karatu? Kai ne, ɗan jami'ar da ke hutu, ko ke da kika gama sakandare kina jiran sakamakon JAMB. Wasu daga cikinmu ma 'ya'yansu na cikinsu sun fara riƙe fensir. Saboda haka ga abin da na koya bayan na shafe kusan shekara ina taya Yaya wannan aiki, da kurakuran da muka tafka, ko Allah zai sa kai ka kauce musu.

Me ya sa wasu suke zaunar da yara a gida?

Dalilin Yaya ba baƙo ba ne. Sun koma sabuwar unguwa a bayan gari, an cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita sahu ya yi sama, makarantar kuɗin da yaran suke zuwa ita ma ta ƙara nata. Ta gwamnatin da ke kusa kuma, aji ya cika maƙil. Wasu iyayen tun kullen korona na 2020 suka ɗanɗana koyarwa a gida. Wasu tsoro ne ya sa su, bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara ta jihar Katsina a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024. Akwai kuma mai yaro mai ciwon sikila, wanda rabin zango a asibiti yake yi.

Amma bari in gaya maka gaskiya tun yanzu. A Amurka, inda aka fi sanin wannan tsari, doka ta amince da karatun gida a duk jihohi 50, shi ya sa kamfanoni suke buga manhajoji musamman dominsa. Mu a nan, dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan, kuma ba ta fitar da wani tsari na karatun gida ba. Ma'ana, duk yaron da ka koyar a ɗaki, wata rana sai ya koma ya zauna kan benci tare da sa'o'insa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda za ka fara.

Fara da ƙofar da yaron zai koma

Kuskurenmu na farko shi ne mun ɗauka littafi shi ne manhaja. Wata tsohuwar malamar firamare, maƙwabciyarsu Yaya, ita ta warware mana. Manhaja ita ce jerin abin da ake so yaro ya iya a kowane aji, da tsarin da za a bi a kai shi can. Littafi kuwa abin hawa ne kawai. Mu mun sayi mota mai kyau, ba mu san garin da za mu ba.

Hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya ita ce NERDC. Da manhajarta ake kafa tambayoyin jarrabawar shiga sakandare, wadda muke kira kwaman, da kuma BECE ta aji uku na ƙaramar sakandare. Idan burinka yaro ya shiga ɗaya daga cikin kwalejojin gwamnatin tarayya, NECO ce take shirya jarrabawar shigarsu. Idan ma ba ka da wannan burin, duk makarantar da ka kai shi sai ta yi masa gwaji kafin ta ba shi aji, kuma da ma'aunin nan za ta gwada shi.

Don haka abu na farko da za ka nema bai kai tsadar littafi ɗaya na waje ba. Ka je wajen hedimasta ko wani malami da kuka saba, ka roƙi jadawalin darussan zango na ajin yaronka, na Turanci da na Hausa da na kimiyya, ka yi hoton takardar. Ka tabbatar sabo ne, domin gwamnatin tarayya ta sanar da yi wa manhajar kwaskwarima a 2025, ta rage yawan darussa. Ka liƙa shi a bango. Duk littafin da za ka saya daga baya, sai ka ɗora shi a kan wannan takarda ka gani ko sun yi daidai.

Ba ina cewa manhajojin waje ba su da kyau ba ne. Ta Cambridge, alal misali, tsararriya ce, kuma akwai makarantu a Abuja da Legas da suke bin ta. Amma idan ba jarrabawarsu yaronka zai rubuta ba, to ka san kana gina masa hanya ce zuwa wani gari daban. Na Amurka kuwa sai ka ƙara lura. Suna auna tsawo da inci, nauyi da laba, zafi da ma'aunin da ruwa yake tafasa a digiri 212, mu kuwa a jarrabawarmu santimita ne da kilo da digiri 100. Yadda suke rubuta wasu kalmomin Turanci ma ya bambanta da na Ingila da makarantunmu suka gada. Wasu daga cikinsu, irin su Abeka, makarantun addinin Kirista ne suka tsara su don gidajen da suke son wannan tarbiyya, kuma ba su ɓoye ba. Ko wane addini kake bi, ya kamata ka san abin da ke cikin katan kafin ka tura kuɗi.

Harshe: da wanne yaro zai fara karatu?

Nan ne muka fi shan wahala, kuma nan ne muka fi samun riba.

Ummi tana iya ɗaukar littafin Turancinta ta rero maka shafi guda ba tuntuɓe. Yaya har bidiyo take ɗauka tana tura wa dangi. Wata rana na rufe hoton da ke shafin da tafin hannuna, na nuna mata kalma ɗaya daga tsakiya na ce ta karanta. Shiru. Na ce to me labarin yake cewa? Ta ce, "Kawu, ai ba a gaya min ba." Ashe hadda ta yi. A sashenmu na koyon aikin jarida kullum ana nanata mana cewa saƙo bai isa ba sai wanda aka aika wa ya fahimta. Ranar na ga misalinsa a kan tabarma.

Ka lura da wani abu. Karatu dabara ce guda ɗaya, wato yaro ya gane cewa wannan zanen da ke kan takarda sauti ne, kuma idan aka haɗa sautukan za su ba da kalmar da ya sani. Da Hausa wannan abu ne mai sauƙi, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. Yaro ya iya ba, be, bi, bo, bu, ya iya ka, ke, ki, ko, ku, sai ka ga ya haɗa "baki" da "buka" da kansa, kuma ya san me suke nufi. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44, harafi ɗaya yana iya yin kuka uku. Idan ka fara wa yaro da shi, ka ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon dabarar karatu da koyon baƙon harshe.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarabanci na tsawon shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi. Yaran ba su faɗo ƙasa da sa'o'insu ba, har a Turancin ma. A nan arewa, shirin Mu Karanta da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato ya fara wa 'yan ƙananan azuzuwa karatu da Hausa kafin a tsallaka da su zuwa Turanci.

Gwamnati kam ta yi ta kai-kawo a kan batun. A ƙarshen 2022 ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Me wannan yake nufi gare ka? Jarrabawa da Turanci za a yi, ba makawa, don haka ba za ka yi wasa da shi ba. Amma a cikin ɗakinka kai ne ministan. Ba wanda zai hana ka gina wa yaro tsani da harshen da yake mafarki da shi.

Ga yadda muka yi. Wata biyu muka ajiye littafin karatun Turanci, muka koma Hausa zalla, minti 20 kowace safiya. Muka tabbatar littafin da muke amfani da shi yana rubuta ɓ, ɗ, ƙ da 'y daidai, don yaron da bai bambanta "baki" da "baƙi" ba a rubuce, an cuce shi tun daga tushe. A lokacin Turanci bai tsaya ba, ta baki muke yin sa: gaisuwa, sunayen kayan ɗaki, 'yan gajerun umarni, waƙoƙin yara. Da ta fara haɗa kalmomin Hausa da kanta, sai muka shiga karatun Turanci ta hanyar sautin haruffa. Tsarin Jolly Phonics, wanda makarantu da yawa a ƙasar nan suke amfani da shi, yana koyar da sautuka 42 rukuni-rukuni, kuma rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n. Ka ga p ɗin nan? Babu shi a Hausa, sai yaro ya mayar da shi f. Mun yi mako guda muna riƙe 'yar takarda a gaban baki, muna kallon yadda iskar p take kaɗa ta, kafin ya zauna mata. Littafin da aka rubuta don yaron Ingila ba zai gaya maka ka tsaya a nan ba, kai ne za ka sani.

Bayan yaro ya iya haɗa kalma, abin da ya rage shi ne ya samu abin karantawa da yawa. Kada ka raina na gida. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, kai za ka riƙa karanta masa da daddare, ka tsaya a tsakiya ka tambaye shi me yake ganin zai faru. Tatsuniyar kaka ma darasi ce, idan ka sa shi ya maimaita ta da bakinsa, sannan ya rubuta ta cikin jimla biyar. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver, suna da gajerun labarai na yara kyauta, har da na Hausa, kana iya saukewa a waya. Manhajar harshe mai kyau dole ta haɗa sauraro, magana, karatu da rubutu. Idan ka buɗe littafi ka ga ba komai a ciki sai cike gurbi da zaɓar A, B, C, to na shirin jarrabawa ne, ka bar shi sai aji biyar ko shida.

Kimiyya: abin da yaro zai taɓa da hannunsa

Da muka samo jadawalin kimiyya na 'yan aji biyu da uku, sai na ga abin mamaki. Batutuwan su ne masu rai da marasa rai, ruwa, iska, ƙasa, tsirrai, dabbobi, haske, zafi da gaɓoɓin jiki. Kusan duk suna cikin gidanmu, mu ne ba mu kula ba.

Ka ɗauki zoɓo. Ka jiƙa shi, ka raba ruwan a kofi uku na gilas. Ka matsa lemon tsami a na farko, ka zuba ruwan kanwa a na biyu, na uku ka bar shi haka nan. Na lemon tsami zai ƙara haske ya yi jajir, na kanwa zai juya ya yi duhu-duhu mai kore. Abin da ɗalibin sakandare yake yi ke nan da takardar gwaji a ɗakin kimiyya don ya bambance sinadari mai tsami da kishiyarsa. Abba, ƙanin Ummi mai shekara biyar, sai da ya sa muka gwada da ruwan toka da na tsamiya, ya riƙa cankar launin kafin a zuba. Wannan cankar da gwadawar ita ce kimiyyar.

Ka ɗauki randa. Me ya sa ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi? Saboda ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuma tana tafiya da zafi. Da wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ka sa yaro ya ajiye tumatir ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ya riƙa zana yadda suke kowace rana.

Wake a gwangwanin madara, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado. Biro da aka goga a gashi yana ɗaukar guntayen takarda, wanda ya fi yin kyau da hunturu saboda bushewar iska. Ƙullun waina da yake tashi cikin dare. Sanda a kafe a tsakar gida, ana auna inuwarta da safe, da tsakar rana, da yamma. Idan kana Kano, ka kai su marinar Ƙofar Mata su ga yadda ƙyalle yake fitowa daga ramin baba da launin kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi. Yanayin shekara kuma, namu za ka fara koya masa: damina, kaka, hunturu, bazara. Na Turai ya biyo baya, a matsayin labarin wata ƙasa.

Kada kuma wani ya ce maka Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya. Tun zamanin Turawa Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin bayanin halittu da Hausa. Dabararmu ita ce, a yi gwajin, a tattauna da Hausa har yaro ya gane, sannan a ba shi kalmar Turancin ya rubuta a littafinsa kusa da zanen da ya yi. Ta haka ya samu fahimta, ya kuma samu kalmar da zai tarar a takardar jarrabawa.

To wane littafin kimiyya za ka saya? Wanda aka rubuta bisa manhajar NERDC, daga kamfanin ɗab'i da aka sani, sabon bugu. Ka buɗe babi ɗaya a tsaye a shagon. Idan akwai aikin da yaro zai yi da hannunsa, kuma kayan aikin kana iya samunsu a gida ko a kasuwar unguwa, ka saya. Idan ma'anoni ne kawai a jere don a haddace, ka ajiye. Bidiyoyin Khan Academy da makamantansu ƙari ne, kuma sun fi amfanar kai malamin, ka kalla da daddare ka fahimta kafin ka koyar da safe.

Abin da katan ba zai ba ka ba

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi: kai da za ka koyar, ka iya abin? Manhajar da ta fi kowacce kyau ba ta da amfani idan mai koyarwa yana jin tsoronta. Yaya ta ƙware a lissafi, amma sautukan Turanci suna ba ta wahala, sai muka raba aiki. Da na koma makaranta, ta ɗauki wata mai NCE tana zuwa sau biyu a mako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ka sayi na shekara guda a tashi ɗaya. Ka ari littafi ko ka sayi ɗaya, ka gwada mako biyu. Ka tanadi fayil da za ka riƙa ajiye ayyukan yaro da kwanan wata, domin ranar da za ka mayar da shi makaranta shi ne shaidarka. A ƙarshen kowane zango ka roƙi wani malami takardun jarrabawar ajinsu, ka ba yaron ya yi, wani daban ya duba. Ido na gida yana da son kai. Ka kuma tuna BECE ta hannun makaranta ake yin rajistarta, don haka ka fara magana da wata makaranta tun da sauran lokaci. Yara kuma suna buƙatar yara. Su Ummi suna zuwa Islamiyya da yamma, can suke samun ƙawaye da faɗa da shiri, abin da ba ya cikin kowane littafi.

In kuwa ka duba ka ga ba ka da lokaci, ko wanda zai tsaya kullum, to gara makarantar unguwa da ka riƙa bibiya, da karatun gida na ganin dama. Yaron da aka ce yana karatu a gida alhali aike da talabijin yake yi, shekarunsa ne suke tafiya, kuma ba a dawo da su.

Katan ɗin Yaya yana nan a saman kwaba, muna ciro na labarai daga ciki lokaci-lokaci, don ba asara ba ne gaba ɗaya. A hutun da ya wuce na tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin filona, da rubutu karkatacce: "Kawu ruwan randa ya fi sanyi saboda iska tana shan zafinsa." Ba wanda ya ba ta jimlar ta kwafa. A ƙasa ta ƙara da Turanci, da kuskure biyu, cewa in sayo mata zoɓo. Na sayo, muka zauna muka gyara kuskuren.